Awon Juma'a da Awon Litinin

Jiya ɗaya daga cikinku ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Mama, wannan aikin kare haƙƙin mai saye ai ba wuya. Ki ɗaga waya, ki ɗauki bidiyon macuci, ki watsa, shi ke nan." Na ce ta bari sai yau in kun taru, in ba ku amsa gaba ɗaya. Sama da shekara talatin na yi ina duba sikeli da mudu da famfon mai a garin nan kafin in yi ritaya. Kuma tun ina bakin aiki nake zama a kwamitin gudanarwar wannan kwaleji taku ta koyon sana'a, a kujerar wakilin mutanen unguwa. To, ku gyara zama.

Aikin farko da aka fita da ni, sikelin wani mahauci ne. Wanda ya koya mini aiki sunansa Oga Bulus, mutumin Filato, gajere, mai rowar magana. Shi ke riƙe da takardu, ni nake ɗauke da akwatin katako mai duwatsun awo. Duwatsu muke ce musu amma ƙarfe ne, kowanne da nauyinsa a rubuce a jikinsa, kowanne da gurbinsa a cikin akwatin. Na ɗora dutsen kilo ɗaya, na ga allura ta zarce. Sai na ɗaga murya yadda 'yan kallo za su ji, na ce, "Oga, wannan sikelin yana cuta!"

Mahaucin ya ajiye wuƙa. Mutane suka fara matsowa. Oga Bulus ya matso. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin, ya nemi guntun katako ya sa wa ƙafa ɗaya, ya ciro 'yar kwalbar nan mai kumfa a ciki irin wadda magina ke duba daidaiton bango da ita, ya yi ta gyara har kumfar ta tsaya a tsakiya. Sannan ya ce, "Binta, sake ɗorawa."

Kilo ɗaya cif. Ashe teburin ne a karkace. Ya sa na ba mahaucin haƙuri a gaban mutanen nan, da ƙarfin muryar da na zarge shi da ita. Daga ranar, wata uku bai bar ni na buɗe baki a kasuwa ba. Ɗauko, ɗora, karanta a zuci, rubuta.

A cikin wata ukun nan na koyi abin da ba ya cikin littafin ofis. Ƙananan duwatsu ba a taɓa su da hannu tsirara, gumi yana cin ƙarfe, sai da ƙyalle. Kafin ka ɗora komai sai ka ga allura na kan sifili. Dutse ɗaya za ka gwada shi a tsakiyar faranti, ka gwada shi a kowace kusurwa, domin akwai sikelin da ke faɗin gaskiya a tsakiya ya yi ƙarya a gefe, kuma mai shi ya san gefen. Kowane awo sau uku. Abin da ka gani ka rubuta shi a gaban mai kaya, ka karanta masa, ya sa hannu. Sai bayan duk wannan ake ciro waya da dalma da filaya mai lambar ofis a buga hatimi. Oga Bulus ya kan ce buga hatimi minti ɗaya ne, amma gidan mutum ka rufe.

Kada ku ɗauka macuta ba su nan. Na ga mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki. Na ga wanda aka narka kyandir aka zuba a ƙasansa, aka shafe da garin masara don kada a gane. Wani gidan mai da na je da garwar ƙarfenmu mai cin lita ashirin, mai wuyan gilashi, mita ta nuna ashirin alhali man ko wuyan bai kai ba. Manajan ya ja ni inuwa, ya kawo lemo mai sanyi da ambulan a ƙarƙashin tire. Na sha lemon don rana ta yi zafi, na bar masa ambulan ɗinsa, na rufe famfo huɗu.

Akwai wani direba da ya kawo kuka ofis. A wani gida yake aiki a Maitama, shi ake aike sayen kifi a kasuwar Kado, kuma uwar gidan ta auna kifin a kicin ta ga bai kai abin da aka ce ba. Ta ce shi ke ragewa a hanya, ta ba shi mako ɗaya ya tattara kayansa. Na cire rigar aiki, na yafa mayafi na bi shi kamar wata yayarsa. Mai kifin da yake saye a wurinsa ya auna mana, muka karɓa, sannan na ciro katin aiki. Na gwada sikelinsa sau uku, lafiya ƙalau. Har mai kifin ya fara murmushi. Sai na ce a yanka mini kifi ɗaya a buɗe cikinsa. Ƙanƙara ce a cushe tun daga maƙogwaro, manya-manya. Kafin a kai Maitama ta narke ta tsiyaye a but ɗin mota. Shugabannin kasuwar da kansu suka kore shi daga layin, don sunansu yake ɓatawa. Ni kuma na rubuta wa uwar gidan takarda da hatimin ofis, direba ya ci gaba da aikinsa. Wanda ya tsaya daga nesa da waya a hannu sikeli kawai zai ɗauka, sikelin kuwa ba shi da laifi.

Shekarar da ta fi ba ni wuya a nan cikin kwalejin nan ta same ni, kuma shekarar zaɓen ƙananan hukumomi ce. Lokacin shugaban kwamitinmu kansilan mazaɓar nan ne, kowa Onarabul yake ce masa. Sashen girke-girke yana aiki da manyan tukwanen gas da ke cikin kejin ƙarfe a bayan kicin, bututu ya ɗauko daga can ya shiga ya raba wa murahu. Mai cika mana tukwanen wata mata ce, Madam Rifkatu, mijinta ya rasu ya bar mata ƙaramar tashar gas a bakin hanyar Karu. Sai malamar sashen, Malama Hauwa, ta kawo kuka gaban kwamiti. Ta ce tukunyar da a da take yin mako uku yanzu da ƙyar take kai kwana goma, ɗalibai suna rasa darasin aiki, ga jarrabawa ta matso.

Onarabul ya buga tebur ya ce, "Magana a fili take. Matar nan rabi take zuba mana. Hajiya, ai ke ce mai hatimi, ki je ki rufe mana wurin."

Duk wanda ke teburin nan ya san wani na hannun damansa a siyasa bai daɗe da buɗe tashar gas ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, hatimin na ofis ne. Kwaleji ta rubuta ƙara. In an turo ni, zan je in auna."

Aka rubuta, aka turo ni. Na nemi a haɗa ni da abokin aiki, don ina cikin kwamitin, kada a ce na karkata. Awon tukunyar gas ba wani sihiri ba ne. Kowace tukunya an buga nauyinta na fanko a wuyanta. Ka auna ta fanko ka tabbatar, a cika, ka sake aunawa, ka cire na farko daga na biyu. Sikelin Madam Rifkatu ya ci gwajin duwatsu duka. Amma ban tsaya nan ba, don kowa mutumin kirki ne in jami'i na tsaye a kansa. Sau biyu muka tare motar kawo tukwanen a ƙofar kwaleji ba tare da sanarwa ba, muka sauke muka auna. A cike suke. Haka na rubuta.

Ranar da aka karanta rahoton a taro, Onarabul ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Hajiya, me ta ba ki?"

Na ce, "Kujera ta ba ni na zauna, ranka ya daɗe. Ruwan ma nawa na sha."

Aka kaɗa ƙuri'a aka karɓe aikin daga hannunta aka ba mutuminsa. Ni da wakilin malamai kaɗai muka ƙi ɗaga hannu. Na ce wa sakatare ya rubuta a takardar taro cewa ban yarda ba, ya rubuta dalilina, ya karanta mini in ji. Wannan ku riƙe shi, duk wanda wata rana zai zauna a kwamiti: in an rinjaye ka, kada ka tashi sai an rubuta abin da ka ce.

Mako bai zagayo ba takardar ƙorafi ta isa ofishinmu, da sunan matasan mazaɓa, wai na ci hanci na wanke macuciya. Aka ba ni takardar tuhuma. Aka karɓi akwatina da filayata, aka ce in zauna a teburin karɓar wasiƙu har a gama bincike. Wata bakwai ina buga tambarin shigowa a kan ambulan.

Abin da ya samu Madam Rifkatu ya fi nawa. Wasu ɗaliban kwalejin nan, sa'anninku a lokacin, suka je ƙofar tasharta da tukunya fanko suka ɗauki bidiyo, suka laƙaba mata suna Madam Rabin Tukunya. Kafin kwana biyu babu wayar da bai shiga ba daga Kurudu har Karu. Masu sayen gas suka watse. Wasu suka jefi allon tasharta da duwatsu. Yaran ba mugaye ba ne, darasinsu suke rasawa, kuma manya sun gaya musu ga mai laifi. Madam Rifkatu ta same ni a gida da rana, ta ƙi zama. Hausarta irin ta garin nan ce, mace da namiji duk "kai" take cewa. Ta ce, "Mama, kai ne ka auna, kai ne ka gani da idonka. Me ya sa ba ka gaya musu?"

Na ce, "Na faɗa, na rubuta. Ba a son ji ne."

Ta ce, "To ni in ci takarda?"

Ta juya ta tafi.

Bayan wata biyar da canza mai kawo gas, Malama Hauwa ta ja ni gefe a wajen wani suna. Ta waiga hagu da dama ta ce, "Hajiya, har yanzu fa kwana goman ne. Wani lokaci ma tara." Ta ji tsoron kawo maganar taro, don Onarabul ke sa hannu a takardar sabunta aikinta.

Na ce, "Masu kawowa biyu, ciwo ɗaya. Gas yana shigowa a cike, ni na auna. To ina yake zuwa? Wa ke rufe kan tukunya in an tashi?"

Ta ce, "Ba a rufewa. Murahu muke kashewa. Kejin a kulle yake, makulli na ofishin shugaban kwaleji."

Abu biyu ne ke nan: ko wani na juye gas ɗin a ɓoye, ko yana zurarewa. Muka dama ruwan sabulu muka shafa wa duk mahaɗar bututun da ido ke gani, a kicin da cikin keji. Ko kumfa ɗaya ba ta tashi ba, kicin kuma ba ya wari. Sai zargina ya fi karkata ga sata. Ba ni da akwati, ba ni da hatimi, amma ina da kujera a kwamiti, kuma shugaban kwaleji ya yarda in yi gwaji ɗaya. Babban sikeli nake buƙata wanda na amince da shi, a duk yankin nan kuwa guda ɗaya ne na gwada da hannuna. Na tafi wurin Madam Rifkatu.

Ta ce, "Sikelin da aka ce na ɓarawo ne kake so?"

Na ce, "Shi."

 Sai ta kira mai keke napep, ta sa aka ɗora shi, ta shiga ta zauna kusa da shi ta riƙe.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗalibai sun watse, muka ɗora tukunyar da ke aiki a kan sikelin ba tare da mun cire ta daga bututu ba. Na daidaita sikelin, na karanta sau uku, na rubuta, shugaban kwaleji da Malama Hauwa suka sa hannu. Muka bar kan tukunyar a buɗe yadda aka saba bari. Muka sa wa kejin kwaɗo biyu, makulli ɗaya a wurina ɗaya a wurin shugaba, aka kulle kicin. A nan na yi kuskure, kuma ina faɗa muku don kada ku yi irinsa. Da na san abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ko awa ɗaya ba zan bar tukunyar nan a buɗe ba.

Litinin da safe kwaɗo biyu na nan yadda muka bar su. Ba wanda ya kunna murhu. Tukunyar ta ragu da fiye da kilo shida.

Ban tsaya rubutu ba, sai daga baya na rubuta. Na murɗe kan tukunyar na rufe, na ce wa shugaba a fitar da ɗalibai duka zuwa filin ƙwallo, kada wanda ya ƙyasta ashana ko ya tayar da janareta. Aka kira mai haɗa bututun gas. Ya bi layin da ido har inda ya nutse a ƙasa, tsakanin keji da bangon kicin, ƙarƙashin daɓen siminti. Ya fasa daɓen a hankali. Mahaɗar da ke ciki tsatsa ta cinye ta, ruwan wanke-wanke ya daɗe yana kwanciya a kanta. Da ya ɗan buɗe gas ya zuba ruwan sabulu, kumfa ta tashi kamar ana wanki.

Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi. Daga ramin nan yake gangarawa cikin rufaffiyar kwatar da ke gefen, warin kwatar ya danne nasa. Muka bi kwatar mu ga inda ta fita. A bayan katanga ta ɓulla, taku kaɗan daga ramin da masu shara ke ƙona bola, kuma a gefen ramin wata mata ke suyar awara tana sayar wa ɗalibai kullum. Mai bututun ya cire hula ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Hajiya, Allah ne kawai ya tsare ku. Wata nawa ke nan?"

Malama Hauwa ta ce, "Ya kusa shekara." 

'Yan kwana-kwana suka zo suka ɗage murafen kwatar suka kora ta da ruwa. Sai bayan azahar suka ce a koma aji. Na tsaya ina kallon yaran nan suna shigewa ta ƙofa suna dariya, wasu na murnar an ci musu rabin rana, ba wanda ko gira ta ƙone. Alhamdu lillahi kawai nake ta maimaitawa.

A taron gaggawa na ajiye guntun bututun mai tsatsa a tsakiyar tebur, kusa da takardar awon Juma'a da ta Litinin. Onarabul ya ɗauka ya juya shi, ya leƙa hudar.  Sai ya ce zai sa a canza layin gaba ɗaya daga aljihunsa, a bi da shi ta sama inda ido zai gani. Na san da masu hoto zai zo ranar buɗewa, kuma ban damu ba, bututu dai a canza shi. Na ce saura takardar ban haƙuri ga Madam Rifkatu, a karanta a gaban ɗalibai, da wata zuwa ofishina.

Ya ce, "Haba Hajiya, zaɓe fa saura 'yan makonni."

Na ce, "Shi ya sa, ranka ya daɗe. Abin da kowa ya faɗa yana cikin takardar taro. Gara mutane su ji daga bakinka."

Ya rubuta duka biyun. Aka janye tuhumata, aka mayar mini da kayan aikina, amma ƙarin girman shekarar ya riga ya wuce ni. Aka mayar wa Madam Rifkatu da aikin kawo gas. Ɗaliban da suka yi bidiyon farko suka yi na ban haƙuri, sai dai ko rabin inda na farko ya je bai kai ba. Har yau akwai masu kiran ta da wancan sunan, ba su ma san daga ina ya fito ba. Dokar da kuke gani a manne a ƙofar kejin, ta rufe kan tukunya kullum in an tashi, daga wannan taron ta fito.

Da aka gama sa sabon bututu, mai haɗawa ya gwada shi ya ce lafiya, na ce duk da haka ba za a kunna murhu ba sai an maimaita awon. Muka sake ɗora tukunya a kan sikelin Madam Rifkatu ranar Juma'a, muka kulle. Litinin da safe muka taru a bakin keji, ni da shugaba da Malama Hauwa da Madam Rifkatu, ɗaliban girke-girke na tsaye a bayanmu da fararen rigunansu. Na buɗe kwaɗo, na durƙusa na karanta. Lambar Juma'a ce, ba ta motsa ba. Na sake karantawa sau biyu, sannan na faɗe ta da ƙarfi. Malama Hauwa ta shiga kicin, muka ji ta ƙyasta murhun farko, yara suka hau tafi.

Madam Rifkatu ba ta yi tafi ba. Ta sunkuya ta duba lambar da idonta, ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta. Ta ce, "To, Mama, a sauke mini tukunya daga kan sikelina. Ina da kwastoma suna jira."